Ƙanena Ya Taɓa Kuɗin Shago Saboda Wasan Waya, In Mayar da Shi Gida?

Tambaya daga wani mai karatu a Agege:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shago a Agege, nan Legas, inda muke buga takardu da fotokofi da cike wa mutane fom a intanet, kuma ina da na'urar POS. Shekara ɗaya da rabi ke nan da na ɗauko ƙanena daga gida bayan rasuwar mahaifinmu, domin ya ƙarasa sakandare a wurina, ya kuma riƙa kama mini aikin shago da yamma. Shekarunsa 16. Yaro ne mai natsuwa, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon dare, amma wasannin bidiyo sun shiga ransa. In babu kwastoma yana kan kwamfutar shago yana buga ƙananan wasannin intanet, da dare kuma yana kan waya yana wasan harbe-harbe da mutanen da ban sani ba, ko yana kallon katun na jaruman wasannin. Kullum sai ya sauya hoton fuskar kwamfutar, har wata rana wani dattijo da ya zo buga takardar haya ya ga hoton wata yarinyar katun mai dogon shuɗin kitso riƙe da bindiga, ya dube ni, na rasa inda zan sa kaina. Watan jiya kwamfutar ta kamu, tallace-tallace suka riƙa faɗowa da kansu, sai da na kai ta kasuwar kwamfuta ta Computer Village aka gyara, kwana biyu ban yi ciniki ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na ga giɓin naira 27,000 a lissafin POS cikin wata biyu, da na matsa masa ya amsa cewa daimon, wato kuɗin cikin wasan waya, ya saya da su. Na mare shi, na ƙwace wayar, yau mako biyu ke nan ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Na kuma tarar da wani littafi cike da zanen waɗannan jarumai da ya yi da biro. Ina tunanin in mayar da shi wurin Hajiyarmu tun kafin ya lalace a hannuna a ce ni na lalata shi. Wace shawara za ku ba ni?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kuma saka maka da alheri bisa ɗaukar nauyin maraya a gari irin Legas, inda kowa ke fama da kansa. Amsata ita ce kada ka mayar da shi, aƙalla ba yanzu ba, kuma ba cikin wannan fushi ba. Wayar da ka ƙwace akwai irinta a kowane lungu na garinku, datar da ake saye a Agege ita ake saye a can, kuma Hajiya ba za ta iya sa masa idon da kai kake iya sa masa ba, kai da ka san kwamfuta har kake cin abinci da ita. Abin da kawai zai ƙaru shi ne sunan da zai sauka da shi daga mota, wato yaron da yayansa ya koro daga Ikko saboda ya taɓa kuɗi, kuma ka fi ni sanin cewa irin wannan suna yana daɗewa a bakin dangi fiye da laifin da ya jawo shi.

Da na sake karanta wasiƙarka, na lura ka zuba abubuwa da yawa a buhu ɗaya, ka ɗaure bakinsa, ka sa masa suna lalacewa. Akwai son wasa a ciki, akwai kallon katun, akwai kunyar da ka ji gaban dattijo, akwai asarar kwana biyu, akwai zane, sannan akwai kuɗin da aka ɗauka ba da saninka ba. Wannan na ƙarshe shi kaɗai ne cin amana. Sauran wasu sakaci ne, wasu ƙuruciya, ɗaya kuma ina ganin baiwa ce. Idan ka hukunta su duka da sanda ɗaya, yaron ba zai gane wanne ne ya fi muni ba, zai ɗauka cewa kai dai ba ka son duk abin da yake so, daga nan kuma sai ya koyi ɓoyewa maimakon ya koyi gyarawa.

Ya kamata ka san yadda yaro mai natsuwa yake kaiwa ga taɓa kuɗi a kan wasa, ba don a wanke shi ba, sai don ka san ƙofar da za ka toshe. Manyan wasannin harbe-harbe na waya da matasanmu suka fi bugawa, irin su Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty Mobile na 2019, duk kyauta ake sauke su. To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Ana samun riba ne ta hanyar sayar da kuɗin cikin wasa, wanda kowane wasa yake da sunan da yake kiransa, da shi kuma ake sayen tufafin jarumi, da adon bindiga, har da salon rawar da jarumin zai taka idan ya yi nasara. Yawancin waɗannan kaya ado ne kurum, amma a idon 'yan wasa, wanda ya shigo fili da kayan da ake ba kowa kyauta tamkar yaron da ya je idi da tsohuwar riga ne alhali sa'o'insa sun sha sabon ɗinki. Akwai kuma abin da ya fi wannan jan hankali, wato akwatunan sa'a da ake biya a buɗe ba tare da an san abin da ke ciki ba, wataƙila a dace da kaya mai tsada, galibi kuma a tashi da tarkace. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi sun shiga ƙarƙashin dokar caca ta ƙasar. Idan hukumar wata ƙasa ta ga kamar caca a abin, kada ka yi mamakin yadda ya rinjayi ɗan shekara 16 da ke zaune gaban aljihun teburin kuɗi daga la'asar zuwa isha.

Ina kyautata zaton naira 27,000 ɗin nan ba a rana ɗaya aka ɗebe ta ba. Dubu ɗaya yau, dubu biyu jibi, kowace da niyyar za a mayar kafin Yaya ya lura, har ramin ya fi ƙarfin mai haƙa shi. Wannan ya kawo ni ga tambayar da wasiƙarka ba ta amsa ba: nawa kake ba shi na kansa? Ba kuɗin mota ko na abincin makaranta nake nufi ba, ina nufin kuɗin da zai kashe ba tare da ya yi wa kowa bayani ba. Mu da yawa mun ɗauki ƙanne a shago a matsayin yaran gida da ci da sha da kuɗin makaranta suka isa ladansu, kuma a lissafi haka ne, har ma kai ne mai bin bashi. Amma yaron da dubban nairori ke wucewa ta hannunsa kullum, shi kuwa ba shi da ko ɗari biyar da zai ce tasa ce, an ajiye shi a wurin da ko babba sai ya yi da gaske. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wata biyu da giɓin ya yi bai fito ba yana nuna cewa ba a rufe lissafi kullum a shagon.

Saboda haka ka yanka masa wani abu a kowane mako gwargwadon ƙarfin shagon, ka faɗa masa cewa ladan aikinsa ne, sannan ka riƙa cire rabi har sai bashin ya ƙare, kana rubuta ragowar a littafi a gabansa yana sa hannu. Kada ka yafe kuɗin, domin yafewa a nan za ta hana shi damar wanke kansa da guminsa, kuma kada ka ƙara ko kwabo a kai da sunan horo. Ka sauya lambar sirrin POS, ku riƙa rufe lissafi tare kowane dare kafin a ja ƙofar shago, aikin da ba zai ɗauke ku minti goma ba. Abin da ya rage a hannunsa bayan cirewa nasa ne, ko da daimon ɗin zai saya, sai dai ka gindaya sharaɗi a kan akwatunan sa'a, ka kuma gargaɗe shi da masu alkawarin daimon na kyauta idan an ba su kalmar sirri ko lambar da aka turo ta waya, domin da haka ake kwashe asusun yara, wani lokaci har da na yayyensu. Za ka ga mamaki, wanda ya san ya tsaya gaban injin fotokofi kwana shida kafin ya samu kuɗi, hannunsa yana nauyi wajen sayen rigar da ba za a iya sawa a jiki ba.

Game da marin, na fahimci zafin da ya jawo shi, amma ina ba ka shawara ka ba shi haƙuri a kansa, ba tare da ka janye ko naira ɗaya daga bashin ba. Girmanka ba zai zube ba. Kai ne a matsayin uba gare shi yanzu, kuma shirun mako biyu a ɗaki ɗaya ya fi marin ciwo ga yaron da ba shi da wani nasa a garin sai kai.

Yanzu ga son wasan kansa, wanda nake ganin shi ne ka fi rashin fahimta. Mu da muka ga shigowar wayar GSM ƙasar nan a 2001 ba mu da bakin yi wa yara dariya, domin mun san dattawa masu furfura da suka raba dare suna bin macijin nan na wayar Nokia yana haɗiye ɗigo. Kuma in ba ka da ƙungiyar ƙwallon da kake so, to maƙwabcinka na shago yana da ita: ya san sunayen 'yan wasanta, ya manna hotonsu a bayan babur, yana biyan kuɗi a gidan kallo ranar Asabar, ranar da aka ci su kuma ba a gane kansa. Ba wanda ya ce ya lalace. Abin da ƙanenka yake yi wannan ne, sai dai filinsa daban. Yana buga wasa, yana kallon katun da ke ba da labarin jaruman, yana ɗora hotonsu a allo, yana zana su, kuma duk wannan sarƙa ce guda da masu wasannin suka daɗe da sanin ƙirarta. Pokémon ya fito a matsayin wasa a Japan a 1996, katun ɗinsa ya biyo baya a 1997, ga kuma katunan wasa da 'yartsana da riguna, kuma yaran da suka fara da shi a lokacin yau iyaye ne masu aiki da iyali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jimlar da ka ce yana wasa da mutanen da ba ka sani ba. Ka tuna halin da yaron nan yake ciki. Ya rasa uba, ya bar uwa da abokan da ya tashi da su, ya faɗo garin da ake magana da Yarabanci da Turancin buroka a aji da cikin danfo, yana tashi daga makaranta ya wuce shago, daga shago sai ɗaki. Agege cike take da Hausawa tun kaka da kakanni, amma wanda ke tsare da shago har dare yaushe ya samu lokacin zama a majalisa? Waɗannan wasanni galibi ƙungiya-ƙungiya ake buga su, mutum huɗu a tare, suna magana da murya, suna kiran sunan juna, suna jiran wanda ya makara. Mai yiwuwa ne wannan rabin sa'ar ta dare ita ce kaɗai lokacin da wani sa'ansa yake nemansa. Ka tambaye shi su wane ne. Idan 'yan ajinsu ne ko abokansa na gida, hankalinka ya kwanta, har ma ka ce ya gayyato na kusa su zo shago ka gan su. Idan kuwa akwai babban mutum da ba a san shi ba da ke turo masa kyauta ko yake neman su koma hira a ɓoye, to nan ne wurin tsayawa da ƙarfi, ba kan hoton allo ba.

Akwai lokacin da wasa ke zama cuta, kuma ba zan ɓoye maka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019 ya kuma fara aiki a farkon 2022. Sai dai ma'aunin da ta sa mai tsauri ne: mutum ya kasa iko da kansa a kan wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma a bisa al'ada abin ya ɗauki kamar wata 12 yana cutar da karatu ko aiki ko zaman iyali. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa suke kaiwa wannan matsayi. A wasiƙarka ba ka ce ya bar salla ba, ba ka ce sakamakonsa na makaranta ya faɗi ba, ba ka ce yana kwana a aji ba, kuma na tabbata da akwai ɗaya daga ciki da shi za ka fara. Waɗannan ukun su ne ma'auninka. Idan wayar Android ce, a cikin saitinta akwai sashe mai suna Digital Wellbeing da ke nuna sa'o'in da aka ɓata a kan kowace manhaja, sai ku duba tare maimakon ku yi ta gardama a kan zato. (Ka shirya, domin zai iya cewa a duba taka ma, kuma WhatsApp ba ya rufa wa kowa asiri.)

Katun kuwa, kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne ɗaukar duk zane mai motsi a matsayin kayan yara. Daga siffar da ka bayar ta yarinya mai dogon shuɗin kitso da bindiga, ina zaton Jinx ce, ɗaya daga jaruman wasan League of Legends na kamfanin Riot Games, wanda ya fito a 2009, kuma ita ce a tsakiyar katun ɗin Arcane da aka fara nunawa a Netflix a 2021. Ba a yi shi don ƙananan yara ba, akwai kisa da tashin hankali da al'adun da ba namu ba, don haka kana da haƙƙin sanin abin da yake kallo da kuma cewa wannan ban yarda ba. Amma bari in gaya maka abin da labarin ya ƙunsa, tunda ina jin ba ka tambaye shi ba. Labarin 'yan'uwa biyu ne marayu, ƙaramar ta tafka babban kuskure tana ƙoƙarin nuna cewa ita ma ta isa, babbar ta kai mata duka cikin fushi ta juya mata baya, kuma duk masifar da ta biyo baya daga wannan rabuwa ta taso. Ba ina cewa yaron ya zaɓi hoton ne don ya isar maka da saƙo ba, tunda ya ɗora shi kafin rigimarku. Ina cewa ne labaran da yake kallo ba su yi nisa da rayuwarsa kamar yadda kake tsammani ba, kuma zama ɗaya da za ka yi ka kalli kashi guda tare da shi zai ba ka abin magana fiye da wa'azin mako. Su kuma wasannin, a Play Store ana rubuta shekarun da suka dace a ƙarƙashin sunan kowanne, daga 3+ har zuwa 18+. Hukuncin zane da ajiye hotuna kuwa fagen malamai ne, ku je tare wurin malamin da kuka amince da shi, ya ji amsar da kunnensa, kada ta zo masa ta bakinka a matsayin wani sabon makami.

Batun kwamfutar shago ya fi sauƙi, kuma a nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Wannan na'ura tana ɗauke da lambobin NIN na mutane, da hotunan fasfo, da bayanan JAMB na 'ya'yan maƙwabta, da takardun haya irin na dattijon nan, duk amana ce a wuyanka. Ƙananan wasannin da ake bugawa a cikin burauza yawanci ba su ne ke kawo cuta da kansu ba, domin ba sa buƙatar a sauke komai. Cutar tana shigowa ne ta tallace-tallacen da ke kewaye da su a shafukan da ba su da tsabta: maɓallin ƙarya da ke cewa a latsa a sauke, ko akwatin da ke neman izinin turo sanarwa, wanda da zarar an amince sai tallace-tallace su riƙa faɗowa ko da an rufe shafin, abin da ya yi kama da wanda ka kwatanta. Akwai kuma tsohuwar dabarar cewa sai an sabunta Flash kafin wasa ya buɗe, alhali kamfanin Adobe ya daina kula da Flash tun ranar 31 ga Disamba, 2020, saboda haka duk shafin da ya nemi haka a yau tarko ne. Hoton fuskar kwamfuta ma haka yake. Hoto na gaske galibi sunansa yana ƙarewa ne da jpg ko png, kuma ba ya buƙatar a girka shi. Idan abin da aka sauke da sunan hoto ya ƙare da exe ko scr, to manhaja ce ta yi shigar burtu. Ka nuna masa wannan sau ɗaya, ba zai manta ba. Sannan ka buɗe masa asusu na dabam a Windows wanda ba shi da ikon girka komai sai da kalmar sirrinka, ka bar asusun aiki don aiki kaɗai.

Fuskar kwamfutar shago kuma allon shago ce, kwastoma yana kallonta, don haka ba wurin jaruman katun ba ne. Ya sa su a wayarsa. Amma maimakon ka mayar da hoton da ya zo da na'urar ka yi shiru, ka ba shi aiki: ya tsara muku hoton fuska da kansa, mai ɗauke da sunan shagon da farashin fotokofi da bugu da laminatin, daidai da girman allonku. Wanda ke sauya hoto kullum yana da ido a kan launi da tsari, kuma daga wannan ɗan aiki za ka gane ko hannun ya kai idon.

Wannan ya kai mu ga littafin zanen, wanda ka ambata a ƙarshe kamar ƙarin hujja a kansa, ni kuwa shi ne abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙar. Ina roƙonka kada ka yaga shi. Kamfanin Game Freak da ya ƙirƙiro Pokémon ya fara ne a matsayin 'yar mujallar masoya wasanni da Satoshi Tajiri yake haɗawa da hannu, Ken Sugimori yana yi mata zane, wato samari biyu da suka fara da abin da ƙanenka yake yi da biro. Ba sai mun je Japan ba ma. A nan Legas akwai kamfanin Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012, yana ƙera wasannin waya. A 2024 Disney tare da kamfanin Kugali suka fitar da katun mai suna Iwájú, wanda aka gina labarinsa a kan Legas ta nan gaba, kuma Maliyo ne ya yi wasan girke-girken waya da ya raka shi. Ana kuma yin taron Lagos Comic Con, inda masu zane da masu wasanni ke baje kolinsu. Ba ina yi maka alkawarin cewa ƙanenka zai kai can ba, domin masu sha'awa suna da yawa, masu haƙurin koyo kaɗan ne, kuma WAEC tana gabansa, ita ce farko. Amma tsakanin littafin biro da waɗancan kamfanoni akwai matakala da ke cikin shagonka: katin gayyatar aure, da takardar sanarwar walimar sauka, da tambarin masu sayar da kaya a intanet, aikin da na tabbata kana mayarwa ko kana kai wa wani. Manhajoji irin su Krita da GIMP na zane, da Blender na zane mai motsi, duk kyauta ne daga shafukan masu su, kuma sa'a ɗaya a kansu lokacin da babu kwastoma ta fi sa'a ɗaya a kan wasan burauza, shi ma zai yarda da haka in ya ga kuɗin katin farko da ya tsara ya rage masa bashi.

Saura yadda za a fasa shirun. Kada ka yi shi a shago, inda laifin ya faru, kuma kada ka yi shi gaban kowa. Bayan isha ka ce ya raka ka wurin mai shayi, ku karɓa ku koma gefe. Ka fara da marin, ka ce ka yi cikin fushi. Sannan ka faɗi kuɗin da adadinsa ƙarara, ka ce amana ce ya ci kuma zai biya, ka bayyana yadda za a yi. Ka bari ya yi magana ko da zai daɗe yana kallon ƙasa. Daga nan ka miƙa masa wayar da sharaɗin da kuka tsayar tare, misali babu wasa sai an rufe lissafi an yi aikin makaranta, kuma waya tana kwana a wurin caji ba a ƙarƙashin matashi ba. Littafin zanen ka mayar masa da hannunka, ka tambaye shi wanne ne ya fi ba shi wahala.

Hajiya kuma, idan ta kira, ka ce mata kun ɗan saɓa kun shirya, ka bar maganar kuɗin tsakaninku, ka kuma sanar da shi cewa ka bar ta tsakaninku. Ka ba wannan tsari wata uku. Idan a cikinsu lissafi ya sake yin giɓi, ko ka ga salla da karatu sun fara zamewa, ka janye shi daga kan kuɗi gaba ɗaya, ka sa wani babba da yake jin nauyinsa a maganar, kawu ko limamin masallacinku, sannan ka sake rubuto mana mu ji inda aka kwana.